Sukurun Magerl da jijiyar ƙeya: lamarin da ya sauya yadda ake koya wa likitoci haɗe ƙashin wuya ta baya

A shekarar 1998 wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka su biyu, Neill Wright da Carl Lauryssen na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, suka fitar da sakamakon wata tambaya da suka aika wa abokan sana'arsu. Tambaya ce mai nauyin amsawa: cikin majinyatan da ka ɗaura wa sukuru tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, mutum nawa ka ji wa ciwo a jijiyar jini? Takarda 847 suka aika, 213 suka dawo. Cikin waɗanda suka amsa, likita 101 ne suka taɓa yin wannan aiki, kuma idan aka haɗa, sukuru 2,492 suka ɗaura a wuyan mutum 1,318. An tabbatar da raunin jijiya a mutum 31, ana zargin haka a wasu 23, wato kusan mutum 4 cikin kowane 100. Biyu kaɗai cikin 54 ɗin suka nuna alamar nakasa bayan aikin. Mutum ɗaya ya rasu, kuma shi jijiyoyinsa biyu duka aka taɓa, ta hagu da ta dama.

Wannan mutum ɗaya shi ne ya sa nake rubutun nan. Yawancin abin da aka sauya a koyar da wannan tiyata, in ka bi sawunsa, gudun irin abin da ya same shi ne.

Sai an san wurin kafin a gane haɗarin. Ƙashin wuya gaɓa bakwai ne. Ta farko, wadda likitoci ke rubutawa C1, zobe ce kawai, ba ta da dunƙulen jiki irin na sauran. Tana zaune ƙarƙashin ƙoƙon kai kamar gammo ƙarƙashin tulu. Ta biyu, C2, tana da wani tsini da ya miƙe sama ya shiga cikin zoben kamar turke, wata igiyar nama mai ƙarfi kuma ta riƙe shi ta baya. A kan wannan turke zoben yake juyawa, kuma kusan rabin waiwayen da mutum yake yi dama da hagu daga nan yake fitowa. Faɗin cikin zoben bai wuce santimita 3 ba: kashi ɗaya na turken, kashi ɗaya na laka, kashi ɗaya fili. Idan turken ya karye a haɗarin mota ko faɗuwa, ko ciwon sanyin gaɓoɓi mai cin jiki ya lalata igiyar, ko tarin fuka ya kama wurin, ko kuma an haifi mutum turken bai haɗe ba, sai zoben ya fara zamewa. Filin nan ya ƙare, laka ta matse. A wannan tsayin, laka ce ke ɗauke da saƙon motsin hannu da ƙafa da na numfashi baki ɗaya.

Gefe da gefen waɗannan gaɓoɓi akwai jijiyar jini guda biyu, ɗaya a kowane ɓari, masu kai jini ƙasan ƙwaƙwalwa da bayanta. Zan kira su jijiyar ƙeya. Kowace tana shiga ramin gefen ƙashi, galibi daga gaɓa ta shida, ta hau a miƙe har gaɓa ta biyu. A nan take yin kwana zuwa waje, ta ratsa gaɓa ta farko, ta sake lanƙwasowa ta kwanta a kan bayan zoben, sannan ta shige ƙoƙon kai ta haɗu da 'yar'uwarta su zama ɗaya. Saboda wannan haɗuwa ne yawancin mutane suke iya rayuwa idan ɗaya ta toshe. Idan biyun suka tafi, sai dai wani ikon Allah.

Tun kafin sukuru, waya ake amfani da ita. William Gallie na Toronto ya bayyana tasa hanyar a 1939: a zura waya ƙarƙashin bayan zoben, a ɗaure ta da tsinin bayan gaɓa ta biyu, a maƙala guntun ƙashin da aka yanko daga ƙugun majinyaci a tsakani, a jira ya haɗe. Brooks da Jenkins sun ƙara mata ƙarfi a 1978. Waya tana hana sunkuyawa, amma ba ta iya hana juyi sosai, alhali juyi shi ne aikin wannan mahaɗa. Shi ya sa majinyaci yakan shafe watanni cikin wani keji na ƙarfe da ake kafa wa ƙoƙon kai a ɗaure da rigar ƙirji, kuma duk da haka da yawa ƙashin ba ya haɗewa.

Friedrich Magerl, likitan ƙashi a asibitin St. Gallen da ke Suwizalan, shi ya kawo sauyi. Ya fara aiki da dabararsa a 1979, aka wallafa ta a 1987. Dogon sukuru ne mai kaurin milimita 3.5, tsawonsa ya kai santimita 4 ko ya ɗan ɗara, ana shigar da shi ta bayan gaɓa ta biyu, ya bi ta wata siririyar gadar ƙashi, ya ƙetare mahaɗar, ya kafe a gaɓa ta farko. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Nan take juyin ya tsaya cak. Ƙashi ya riƙa haɗewa a fiye da mutum 90 cikin 100, kuma da yawa suka huta da kejin ƙarfe. Ba abin mamaki ba ne da dabarar ta bazu cikin 'yan shekaru daga Turai zuwa Amurka da Asiya.

Matsalar tana cikin siririyar gadar nan. Kwanar da jijiyar ƙeya take yi a gaɓa ta biyu, ƙarƙashin gadar take yin ta. A wasu mutane jijiyar takan hau sama fiye da yadda aka saba, ta ci ƙashin daga ƙasa har gadar ta zama kamar ɓawon gyaɗa. Daga baya, inda likita yake tsaye, ba a ganin wannan. Ƙashin yana nan fari tas, kamar na kowa. Hoton ƙashi na gefe da ake ɗauka lokacin aiki shi ma ba ya nuna shi yadda ya kamata, domin yana ɗora ɓarin dama a kan na hagu.

A 1996 Paramore da Dickman da Sonntag na cibiyar Barrow da ke Phoenix suka duba hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi yanka-yanka, na mutum 94. Suka samu cewa kashi 18 cikin 100 suna da irin wannan jijiya mai hawa sama aƙalla a ɓari ɗaya, har babu hanyar da sukuru zai bi lafiya, wasu kuma suna kan gaɓa, adadin ya kai kashi 23 cikin 100. Shekara guda bayan haka, rukunin Alan Crockard a Landan suka fitar da nasu lissafin na majinyata 61, inda aka samu raunin jijiya a kashi 8 cikin 100. Abin da ya fi amfani a rahotonsu shi ne sun koma sun bi kowane kuskure sun nemi dalilinsa. An huda ƙashi alhali gaɓoɓin biyu ba su gama komawa mazauninsu ba. An rasa alamar da ake saiti da ita a gaban zoben, domin an cire ta a wata tiyata ta baya. Ba a lura da girman ramin jijiyar ba tun a hoto. Ka ga yawancin wannan ba rawar hannu ba ce. Kuskuren ya riga ya faru kafin a ɗauki abin huda.

Da lissafin Wright da Lauryssen ya zo a 1998, sai ya nuna cewa abin bai tsaya a asibiti ɗaya ba. Ni kuma ina ganin ya kamata a karanta wannan kashi 4 da hankali, domin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka aika wa takarda ba su amsa ba, kuma mutum bai cika gaggawar ba da labarin ranar da aiki ya ɓaci a hannunsa ba.

Abin da aka sauya a koyarwa

Sauyi na farko bai shafi ɗakin tiyata ba ma. Karatun hoto ne. A yau, a wurin da ake koyarwa da gaske, likita mai neman ƙwarewa ba ya taɓa abin huda sai ya zauna gaban kwamfuta da malaminsa ya buɗe hoton CT mai siraran yanka, ya juya shi har ya yi daidai da layin da sukurun zai bi, ya auna kaurin gadar a dama, ya auna a hagu. Idan bai wuce milimita 5 ba, sukuru mai 3.5 ba shi da wurin numfashi. Sai ya faɗi wace jijiya ce ta fi girma cikin biyun, domin sau da yawa ɗaya ce ke ɗauke da yawancin jinin, kuma an fi samun ta hagu da wannan matsayi. Idan akwai shakka, a ɗauki hoton jijiyoyin da ruwan da ke haska su. Malami nagari ba ya tsayawa a nan. Zai ce, to, a ce dama ta ƙi, me za ka yi? Ɗalibin da ya tsaya yana sosa ƙeya bai shirya ba, ko da hannunsa ya fi na kowa natsuwa.

Na biyu shi ne ɗakin gawa. A nan ɗalibi yake koyon abin da hoto ba ya bayarwa. Ya yanka fata a tsakiyar ƙeya, ya bi farin layin da ke tsakanin naman dama da na hagu inda jini bai cika fita ba, ya riƙa kankare nama daga jikin ƙashi ba tare da ya rabu da ƙashin ba. Da ya kai bayan zoben sai a tsayar da shi a nuna masa iyaka: kada ya wuce kimanin santimita ɗaya da rabi daga tsakiya, a gefen sama kuwa ko hakan bai kai ba, domin jijiyar tana kwance a wurin ba rufin ƙashi. Sai ya sa ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa ya taɓa bangon ciki na gadar, ya gan shi da idonsa, domin wannan bango shi ne jagora. Bayan ya huda, sai ya zura wata siririyar sanda mai ƙwallo a baki, ya shafa ramin ta sama da ƙasa da dama da hagu da ƙarshe. Ƙashi yana da ƙaiƙayin da yatsa ke ji, kamar ka ja tsinke a jikin tukunyar ƙasa. Inda bangon ya fashe, sandar sai ta faɗa cikin laushi. Amfanin gawa shi ne, bayan an gama ana iya buɗe wurin a nuna wa ɗalibi bakin sukurunsa zaune cikin jijiya, ya gani, ya ji abin a jikinsa, ba tare da an rasa rai ba. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa.

Na uku kuwa doka ce, kuma abin da ya samu mutumin nan ɗaya ya nuna dalilinta. Idan ka huda ɓari ɗaya ka ga jini ja jawur yana bulbulowa da bugun zuciya, ka toshe ramin, da kakin toshe ƙashi ko da sukuru gajere, kuma ko kusa kada ka huda ɗaya ɓarin. A gama aikin ta wata hanya, a kai majinyaci hoton jijiya, a sa masa ido. Faɗar wannan doka da baki abu ne mai sauƙi. Bin ta shi ne wuya, domin a daidai wannan lokaci likita yana ganin aikinsa rabi, yana tsoron kada ƙashi ya ƙi haɗewa, zuciya tana raya masa cewa ɗaya ɓarin ai lafiya lau yake a hoto. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane wuyar koyarwa, domin duk shekarun horo ana yaba wa ɗalibi ne a kan abin da ya kammala.

Hanyar Goel da Harms

Yayin da ake wannan lissafi a Amurka da Ingila, wata mafita ta riga ta fito daga Indiya. Atul Goel, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati na King Edward Memorial da ke Mumbai, tare da Laheri, sun wallafa rahoton majinyata 30 a 1994. Maimakon dogon sukuru ɗaya ya ratsa gaɓa biyu, sai kowace gaɓa ta samu nata, a haɗa su da farantin ƙarfe. A 2001 Jürgen Harms da Robert Melcher a Jamus suka fitar da irin wannan tsari a majinyata 37, da sukuru mai kai mai juyawa da sandar ƙarfe a madadin faranti, kuma ba su samu raunin jijiyar jini ko na laka ba. Da farko sunan Harms kaɗai ya fi yawo a bakin likitocin Yamma, sai daga baya aka fara haɗa sunayen biyu. Hakan shi ne adalci, tunda shekara bakwai ce tsakani.

Wannan hanya ta warware abubuwa biyu. Ba dole sai gaɓoɓin sun koma mazauninsu kafin a huda ba; ana iya ɗaura sukurun sannan a yi amfani da su a jawo ƙashin. Sannan likita yana da zaɓi a gaɓa ta biyu: ya canja kwana, ko ya sa gajere ya tsaya kafin ramin jijiya. A 2004 Neill Wright ɗin nan da ya ƙirga raunukan ya ƙara wani zaɓin, inda ake gicciya sukuru biyu cikin rufin bayan gaɓa ta biyu, nesa da jijiyar gaba ɗaya.

Sai dai kowace hanya da nata tarkon. Kafin a kai inda ake huda gaɓa ta farko, sai an ratsa wani kwando na siraran jijiyoyin da ke mayar da jini, waɗanda suka nannaɗe jijiyar da ke fitowa daga laka a nan, mai sa fatar ƙeya ta ji taɓawa. Da an taɓa su sai baƙin jini ya cika ramin, a hankali amma ba tsayawa. Wanda bai saba ba sai ya ruɗe, ya fara ƙonawa a makance, jinin ya ƙaru. Gwani kuwa sai ya cusa abin tsayar da jini, ya danna da auduga, ya koma ɗaya ɓarin ya ci gaba da aiki, ya dawo bayan 'yan mintuna ya tarar wuri ya lafa. Gawa ba ta zubar da jini, saboda haka wannan ba a koyonsa sai a gefen malami, a kan mai rai, sau da yawa. Goel yakan yanke jijiyar nan mai fitowa daga laka don ya ga mahaɗar sosai, ya kankare guringuntsi ya cusa ƙashi. Harms yakan ture ta ƙasa ya bar ta. Wanda aka yanke wa yana iya daina jin taɓawa a fatar ƙeya, wanda aka bar wa kuma wani lokaci sukuru yana goga ta ya jawo zogi. Har yau likitoci ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba, kuma ya kyautu ɗalibi ya ga hanyoyin biyu.

Akwai kuma wata 'yar gadar ƙashi da ke rufe jijiyar ƙeya a kan zoben a kusan mutum ɗaya cikin shida. Mai gaggawa sai ya ɗauka zoben ne ya yi kauri, wuri mai kyau na kafa sukuru, alhali jijiya ce a ƙarƙashi. A gaban gaɓa ta farko kuma akwai babbar jijiyar jini ta gaban wuya da jijiyar da ke motsa harshe, suna jiran duk sukurun da ya zarce. Wato karatun hoton nan bai ragu ba da zuwan sabuwar hanya, ƙaruwa ma ya yi.

Manyan asibitoci yanzu suna da na'urar da ke nuna bakin abin huda a kan hoton majinyaci yayin da ake aiki. Tana taimakawa ƙwarai, har a koyarwa. Amma gaɓoɓin sama na wuya suna motsi, musamman a wanda dama saboda motsin aka kawo shi. Idan likita ya danna ƙashi ya gusa da milimita biyu, allo zai ci gaba da nuna masa inda ƙashin yake ɗazu. Ɗalibin da ya tashi da allo kaɗai, bai san bangon gadar da idonsa ba, ba zai gane lokacin da na'urar ta fara ɓatar da shi ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Haɗarin mota da na babur suna kai masu karayar wuya asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma a yawancin ɗakunan tiyatarmu abin da likita zai dogara da shi hoton CT ne da na'urar hoton ƙashi mai juyawa da kuma saninsa. Kuɗin ƙarfe sau da yawa daga aljihun iyali yake fitowa, don haka wanda ya iya aikin waya irin na Gallie da Brooks bai yi asarar lokacinsa ba. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa suna buƙatar mai neman ƙwarewa ya riƙe littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi da waɗanda ya taimaka. Da za a ji ta tawa, da a irin wannan tiyata an ƙara masa wurin rubuta awon da ya yi kafin aiki, da shirinsa na biyu, da ranar da ya fasa huda ɓari ɗaya da dalilinsa, malaminsa ya sa hannu a kai kamar yadda yake sa wa aikin da aka kammala.

Akwai kuma zaman da ake yi da majinyaci, wanda ɗalibai suka fi rainawa. Haɗe waɗannan gaɓoɓi biyu yana cinye kusan rabin waiwaye, har abada. Dole a zauna a ce, Baba, bayan aikin nan idan za ka yi sallama a salla sai ka haɗa da kafaɗa, idan kuma za ka tsallaka titi sai ka juya jikinka duka. Direba ko ɗan acaɓa yana da haƙƙin ya ji wannan kafin ya sa hannu, tare da maganar jijiyar da abin da za a yi idan an taɓa ta.

Tsoron da ke tura likita ya huda ɓari na biyu, wato kada ƙashi ya ƙi haɗewa, shi ma an auna shi. A 1997 rukunin Barrow suka ba da rahoton majinyata 19 da aka sa wa sukurun Magerl a ɓari ɗaya kawai, saboda ɗayan bai ba da hanya ba, aka ƙara musu da waya da dashen ƙashi a baya. A mutum 18 ƙashin ya haɗe sosai.